Layin Ɗinki Na Bakwai

Bilkisu ce take rubutawa, ni nake faɗa. Ma'aikaciyar jinya ce, 'yar Zariya, ƙofarta na kallon tamu a benen da nake zaune da 'yata a unguwar Al Khabaisi, nan Dubai. Ni ban san baƙi ba, sai abin da nake salla da shi. Na ce mata in na yi kuka ta ajiye biro ta jira ni, don zan yi.

Sana'ata ɗinkin shira'i. Shira'i shi ne babban zanen nan da ake ɗaga wa jirgin ruwa iska ta tura shi, tun kafin a san inji. In na faɗa wa yaran yanzu sai su yi murmushi. Wani ɗan Kano mai aikin banki ya taɓa ce mini, "Iya, ashe dai tela ce ke." Na ce masa tela in ya kuskure, mutum ne zai je biki da riga a karkace. Mu in mun kuskure, mutum ashirin ne a tsakiyar teku ba mai jin ihunsu.

A Sawakin aka haife ni, a bakin Bahar Maliya. Iyayena mutanen Haɗejiya ne, sun taso a ƙafa za su Makka, guzuri ya ƙare musu a Sudan suka zauna. Can na haɗu da Malam, mai gidana. Sunansa ba zan kama ba, ban kama shi yana raye ba. Shi ma ɗan hanyar hajji ne, amma tun yana saurayi ya bi jiragen katako, ya koyi ɗinkin shira'i a hannun mutanen Yaman. Wani nahoda, wato shugaban jirgi, ɗan Dubai, ya ga aikinsa a Adan ya ce ya biyo shi. Bayan shekara biyu Malam ya dawo ya ɗauke ni. Da na sauka a bakin Hor, ruwan nan da ya ratsa garin Dubai, babu dogon gini ko ɗaya. Abin da ya fi komai tsawo shi ne turakun jirage da ake ɗaga shira'i a kansu, sun yi cirko-cirko kamar daji ya kaɗe ganye.

Aikina na farko ƙyalle ne kamu biyu. Ɗinkin shira'i aikin maza ne a nan, a fili suke yi suna waƙa, amma Malam ba shi da abokin ɗinkin da hannunsu ya zo ɗaya, sai ya ce zai gwada ni. Ya ba ni allura mai kusurwa uku, tsawon ɗan yatsa. Ya ɗaura mini wata fata a tafin hannu, da ɗan ƙarfe a tsakiyarta, da shi ake tura allurar, don yatsa ba zai iya ba. Ya ba ni curin kakin zuma, a ja zare a kai har ya yi santsi, ruwan gishiri ba zai ci shi da wuri ba. Na wuni a kan ƙyallen nan. Da la'asar ya ɗauka, ya duba, ya sa wuƙa ya farke duka.

Na ce, "Malam, me na yi?"

Ya ce, "Kin yi kyau. Kyau kika yi wa ido. Iska ba ta da ido."

Wata biyu yana farke mini aiki. Ba don ɗinkin ya karkace ba, don jan zare. Wani wuri na ja da ƙarfi, wani wuri na sassauta, gwargwadon gajiyata ko abin da ke raina. Shi kuwa so yake kowane sukan allura ya zama ɗaya da ɗan'uwansa, daga safe har yamma.

Ga dalili. Yadin auduga daga Indiya yake zuwa, a naɗe, faɗinsa bai fi kamu ɗaya da rabi ba. Sai a kafa turaku a kan yashi, a ja igiya a fitar da siffar shira'in, a shimfiɗa yadin tsiri-tsiri, a haɗa su ɗaya bayan ɗaya. Kowane layi mutum biyu ke ɗinka shi. Ɗaya ya faro daga sama, ɗaya daga ƙasa, su haɗu a tsakiya. A baki ana ƙara ninki kaɗan, a tsakiya a sassauta, don shira'i ya yi ciki ya rungumi iska. In ɗaya daga cikin maɗinkan ya ja zare fiye da ɗan'uwansa, a ƙasa ba za ka ga komai ba. Ka sa ido, ka sa hannu, sumul. Sai ranar da aka ɗaga shi iska ta cika shi, sannan wurin zai tattare, ya riƙa kaɗawa yana fat-fat-fat. Daga nan yagewa take farawa. Shi ya sa maɗinkin shira'i ba ya cewa aikinsa ya yi kyau sai ya gan shi a sama.

Nahoda ya ba mu dogon fili a bayan gidansa a Al Ras, an kewaye shi da katanga, inda zan zauna ba mai ganina. Malam a can ƙarshe, ni a nan, yadi a tsakaninmu. Tun da hantsi muke matsowa a zaune, taƙi-taƙi, sai wajen azahar gwiwoyinmu su haɗu. Sai ya ɗaure zaren, mu ci abinci, mu koma baki mu faro wani. Shekara goma sha ɗaya muka yi a haka. Yawancin maganar da muka yi a aurenmu, daga nesa muka fara ta, muka ƙarasa a kusa.

Masu jirage kowa da halinsa. Akwai wani ɗan Mukalla ta Yaman da ba ya karɓar aiki sai ya ciji zaren da haƙori. Akwai wanda yake sansanar yadin, wai yana gane wanda ya kwana a jiƙe. Wani Bafarishe ya taɓa bin layi da yatsa tun daga sama har ƙasa yana neman inda hannu ya canja, bai samu ba. Ya ce wa Malam, "Kai kaɗai ka yi wannan?" Malam ya ce, "Hannuna huɗu ne. Biyu na waje, biyu na gida." Ina bayan ƙyaure ina ji. Ban taɓa samun ladan aikin da ya kai wannan ba.

Jirgin nahodanmu sunansa Marzuƙu. A Indiya aka sassaƙa shi da katakon da ƙwaro ba ya ci, turakunsa biyu, babba a gaba, ƙarami a baya. Irinsu su ne suka ciyar da garin nan kafin a samu man fetur. In dabino ya nuna sai su je Basra su yi lodi, su bi iskar arewa su gangara Indiya ko Zanzibar. Can za su zauna har iska ta juya, sannan su dawo da shinkafa da katako da kanumfari da itacen rufin ɗaki. Wata tara ba a ganinsu. Ranar da aka hango Marzuƙu daga nesa, mata kan rufin gidaje suke hawa, kuma da shira'i ake gane shi kafin a ga jikinsa. Namu ne. Ni na san kowane faci a jikinsa.

Shekarar wahala ta same mu muna tsakiyar aiki. Tun kafin nan jirage sun fara sa inji, ɗaya bayan ɗaya, amma nahodanmu ya ce shi da iska zai mutu. Ya ba mu aikin sabon shira'i na turken baya, layi ashirin da uku. Mun gama shida. Ranar da muka zauna kan na bakwai, muna ji ta bayan katanga ana ihun 'yan dako da Larabci, irin na sauke kaya mai nauyi, "Yalla, yalla, shwayya shwayya!" Malam ya leƙa ya dawo ya zauna. Na ce mene ne. Ya ce inji ne ake saukewa, na Marzuƙu. 'Ya'yan nahoda sun rinjaye shi. Za a sare turakun duka biyu.

Na ce, "To me muke ɗinkawa?"

Ya ce, "Shira'i. Ba a barin shira'i a rabi."

Na ɗauki allura. Raina kuwa a ɓace yake. Da muka haɗu a tsakiya ya shafa wajena ya ce, "Ta Sawakin, kin ja zare." Haka yake kirana. Na ce ban ja ba. Ya ce kin ja. Na ce shekara goma sha ɗaya ina wannan aiki, ba yau zan koyi jan zare ba, in yana da shaida ya nuna. Ya duba, ba abin nunawa, don a ƙasa ba a gani. Ya ce to a farke don a huta. Na ce wallahi ba za a farke ba. Sai ya yi dariya ya ce, "Iska za ta raba mu."

Muka gama layi ashirin da uku, muka zagaye bakinsa da igiyar ɓawon kwakwa. Kafin mu gama an riga an sare turakun. Nahoda ya zo ya tsaya a kansa, ya daɗe, sannan ya ce mu riƙe shi, shi ba zai iya kallonsa ba. Aka naɗe, mutum huɗu suka ɗauka suka kai saman siton nahoda na kayan yaji a Al Ras. Bai taɓa shan iska ba.

Shekarar nan ba wanda ya kawo mana ko faci. Malam ya shiga dako a bakin Hor, mutumin da nahodoji ke tashi su gaishe shi. Ni na koma ɗinke bakin buhunan shinkafa. Daga baya muka samu ɗinkin tamfol na rufe kaya, shi muka yi har tsufa. Tamfol ba ya son gwaninta. Ka ja zare, ka sassauta, duk ɗaya ne a wurinsa.

Marzuƙu ya yi shekaru da injinsa yana kai kaya Iran da Somaliya. Amma jirgin da aka yi don iska ba ya jure girgizar inji. Ƙusoshi suka riƙa sassautawa, ruwa na shiga. Daga ƙarshe aka ja shi can ƙuryar Hor, wajen Jaddaf, aka jingine shi a tabo tare da 'yan'uwansa. Na san ƙarshen da yawa daga cikinsu. Wasu an yi musu rumfa da fitilu, suna yawo da masu yawon buɗe ido ana cin abinci a kansu. Wani an ɗora shi a tsakiyar shataletale, rana ta busar da shi har kana hango mota ta tsakanin katakansa. Jirgin katako in ya rabu da ruwa ya mutu, ko da an shafa masa fenti. Wasu sun ci wuta. Wasu kuwa ba wanda ya taɓa su, suka zauna a tabo har haƙarƙarinsu ya fito.

Shira'inmu kuwa kowace shekara, in zafi ya ragu, sai Malam ya nemi 'yan dako su sauko da shi, mu baza shi a kan rufin sito ya sha rana wuni ɗaya. Auduga in ba ta sha iska ba, ruɓewa take a cikin ninki. Kuma kowace shekara sai ya je kan layi na bakwai ya tsuguna ya shafa.

"Har yanzu a jaye yake."

"Idonka ne a jaye."

"Iska dai za ta raba mu."

"In ka samo turke, ɗaga mu gani."

Fiye da shekara arba'in muna wannan. 'Yarmu har ta haddace, tana riga mu faɗa.

Shekara huɗu ke nan da rasuwarsa. Allah Ya ji ƙansa, Ya sa ya huta. Tun daga ranar ban koma siton ba. Na san sarai abin da rashin bazawa ke yi wa yadi, ni da na koya wa wasu. Amma na kasa. Wa zai tsuguna a kan layi na bakwai? Bilkisu, dakata.

To. Ci gaba.

Wanda ya kawo mini labari Ɗanladi ne, mutumin Kafanchan, Kirista, mai tuƙa kiren ɗin ɗaga kaya a filin da tsofaffin jiragen suke. Ya san Malam ne don Malam yakan je can ranar Juma'a ya zauna a inuwar Marzuƙu. Wata rana Ɗanladi ya ji tsoho yana yi wa jirgi magana da Hausa, ya sauko daga kiren ya gaishe shi. Tun daga nan ya zama ɗan gida. Rannan ya zo da yamma, ya ƙi zama a kujera, ya durƙusa.

Ya ce, "Mama, an sa wa Marzuƙu jan fenti. Mako biyu ya rage. Za a share filin, gini za a yi."

Na ce, "Wa zai farfasa shi?"

Ya sunkuyar da kai ya ce, "Ni zan ɗaga, wasu su yanka."

Na ce masa kiren ɗinsa zai iya ɗaga zane? Ya ce, "Mama, kwantena nake ɗagawa." Na ce ba nauyi nake tambaya ba, zai iya tsayar da shi a kan jirgin, daidai inda turken baya yake, ya riƙe har iska ta shiga? Ya gane. Malam ya ba shi labarin layi na bakwai ba sau ɗaya ba. Ya ce zai roƙi ogansa awa ɗaya da safe, in ya hana ma zai sake roƙo.

Jikan nahoda ne ke riƙe da siton yanzu, bai ma san abin da ke samansa ba. Da aka sauko da shira'in aka buɗe, sai da na zauna a ƙasa. Ninki uku sun yi baƙi sun ruɓe, ɓera ya ci kusurwa ɗaya. Laifina ne, ba na kowa ba. Na lalubi layi na bakwai, na same shi lafiya.

Bilkisu ta ce kada in damu, tana da ƙawa mai keken ɗinki a Al Buteen, kwana ɗaya an gama. Na ce su gwada. Allura uku keken ya karya kafin ya yi taƙi ɗaya. Sai suka dawo su uku, ita da ƙawayenta biyu, duk masu digiri, suka zauna a rufin sito na ɗaura musu fata a hannu. Bilkisu ta ce ita da take ɗinke fatar mutum a asibiti, yadi ne zai gagare ta? Kafin magariba ta huda tafin hannunta sau biyu.

Ta ce, "Iya, wannan ai azaba ce. Haka kuka yi shekara goma sha ɗaya?"

Na ce, "Wannan faci ne. Ba ki fara ɗinki ba."

Idona yanzu yana da yana, abu in ya wuce tsawon ɗaki sai in ga hazo. Amma yatsuna suna gani. Na bi aikinsu ina farkewa kamar yadda aka yi mini, suna ƙunƙuni suna sakewa. Kwana tara muka yi, bayan sun taso daga aiki. Na ce musu duk inda suka ga dama su taɓa, ban da layi na bakwai.

Ranar da aka ɗaga shi da hantsi ne, iska na busowa daga teku a hankali. Aka kai ni har gindin Marzuƙu. Na dafa shi. Katakon ya bushe ya tsattsage, hannuna yana shiga tsakani. Sandar da ake ɗaura shira'i ta daɗe da ruɓewa, sai Ɗanladi ya samo dogon bututun ƙarfe aka ɗaura a jiki. Ma'aikatan filin, 'yan Pakistan da 'yan Indiya, suka bar aikinsu suka zo riƙe igiya. Na nuna musu inda za su tsaya da yadda za su ja. Ɗanladi ya leƙo daga sama ya ce, "Mama, in tafi?" Na ce bismilla.

Na ji ƙarar kiren, na ji yadi yana jan ƙasa, sannan ya rabu da ita. Wani farin abu ya tashi a gabana ya rufe rabin sama. Ya yi lilo, ya yi lilo, sai iska ta same shi. Ya yi wani gum, irin wanda na fi shekara arba'in ban ji ba. Igiyoyi suka miƙe. Har jirgin ya yi ƙara a cikin tabo, kamar zai tashi. Mutanen nan suka sa ihu.

Na kama hannun Bilkisu na ce, "Ƙirga daga baya. Na bakwai, daga tsakiya zuwa ƙasa. Me kika gani?"

Ta ƙirga. Ta ce, "Sumul yake, Iya. Ba komai."

Ɗanladi ma ya ƙwalo daga sama, "Mama, kin ci! Lafiya lau yake!"

Na ce kowa ya yi shiru. Aka gaya wa masu igiya, suka yi tsit. Sai ga shi nan, ƙasa-ƙasa, a ƙarƙashin kukan iska. Fat-fat-fat. Fat-fat-fat. Wuri ɗaya ne tak a duk faɗin shira'in, kuma na san wurin. Ba facin yaran nan ba ne, nasu yana can gaba. Ba rabin Malam ba ne, nasa na sama.

Na ce, "Bilkisu, ke da Ɗanladi Allah Ya yi muku albarka. Amma kada ki ƙara yi wa maɗinkiya ƙarya a kan ɗinkinta."

Ta fashe da kuka. Ta ce, "Ɗan kaɗan ne, Iya, wallahi bai fi kamu ɗaya ba. In an sauke sai mu farke mu gyara."

Na ce ba za a farke ba.

Ɗanladi ya riƙe shi a sama har awarsa ta cika, ya ƙara da abin da ba a ba shi ba. Ina zaune a kan wani guntun katako ina saurare. Bayan kwana uku aka yanka Marzuƙu. An ce masu yin tebura sun sayi katakon. Shira'in na bar wa ma'aikatan filin, sun yi rumfa da shi, a ƙarƙashinsa suke cin abincin rana. Ɗanladi ya ce in iska ta taso har yanzu wurin yana kaɗawa.

Ku masu cewa ɗinki ne kawai, abin da zan gaya muku ke nan: yadi yana riƙe abin da hannu ya yi masa, ko mai hannun ya musanta. Rabin wuni na yi ina fushi, ya zauna a cikin zare fiye da shekara arba'in yana jirana.

Da Malam yana nan, da na san abin da zai yi. Zai gyara hularsa ne kawai yana kallon wani wajen, ni kuwa in ce iskar ce ba ta da kyau. Yanzu ba wanda zan yi wa gardama, kuma ba wanda zan ba gaskiya. Shi ya sa na kira Bilkisu da takardarta.

Rubuta shi shi kaɗai, a layinsa, da manyan baƙaƙe yadda ko mai yana a ido zai gani.

Malam, na ja zare.